Na'ura Mai Cin Kowane Faifai

A gidan Shigeru Okudaira, a unguwar Suginami ta Tokyo, doka ɗaya ce: muddin faifan waƙa na juyawa, ba a magana. Har firiji kashe shi ake yi, wai yana gurɓata wutar da ke shiga kayan sauti. Matarsa Tokiko ta daɗe da sabawa. A da na'urori uku gare shi, kowace da irin faifan da take ci, kuma kafin ya zare wayoyin wannan ya jona na waccan akan sami 'yar tazara. A cikinta take shigo da shayi ta faɗi abin da ke bakinta. Kusan duk hirar aurensu a wannan tazarar aka yi ta.

Ranar Lahadin nan ya kawo sabuwar na'ura guda ɗaya mai cin kowane irin faifai. Washegari kuma za a yi wa Tokiko tiyatar maƙogwaro, likita ya ce da wuya ta sake magana. Ba wani babban abu take so ba. So take su zauna su yi hira tun da sauran muryarta.

Sai ga abokan saurarensa, Hamaguchi da Nomiya, sun iso da faya-fayansu a hammata.

"Tsoho, wannan akwatin ne ka ishe mu da zancensa?" in ji Hamaguchi.

"Zauna ka ja bakinka. Na'urar nan tana fitar da sautin da kunnen mutum ma ba ya kaiwa."

"To wa zai ji? Karen maƙwabta?"

"Jikinka zai ji, kurman banza."

Tokiko ta shigo da shayi da alewar wake mai laushi, don abu mai garas-garas ba ya shiga ɗakin. Nomiya ya ɗan rusuna. "Uwargida, an ce gobe sai asibiti?"

"Ƙaramin abu ne," Shigeru ya amsa a madadinta. "Likitocin yanzu sun san aikinsu." Ya danna maɓalli.

Ta tsaya jikin bango tana jiran faifan ya ƙare. Da ya ƙare ta matso.

"Maigida, in ka ɗan sami..."

Ya ɗaga mata hannu bai waiwayo ba. Ya zare wannan faifan ya zura wancan, kafin ta haɗiye yawu kiɗa ya tashi. Babu wayar canjawa, babu tazara.

"Kun ji yadda mawaƙiyar ta ja numfashi?" Hamaguchi ya raɗa, shi da kansa ya karya dokar. "Kamar tana cikin ɗakin nan."

Dattawa uku da furfurarsu, sun runtse ido suna farautar numfashin macen da ta daɗe a kabari, ga mai rai tsaye da faranti a hannu ba wanda ya ce mata zauna. Kuma a ganinsu su ne masu kunne a garin.

Ta fita ta ja ƙofar. A kicin ta gwada maganar ita kaɗai, sau biyu, don kada ta manta yadda za ta fara. Maƙogwaron ya soma zafi. Da la'asar ta nemi muryar ta ji ta dushe.

Rana ta kusa faɗuwa baƙin suka tafi. Shigeru ya leƙo kicin fuskarsa fal annuri.

"Ke, me kike son faɗa ɗazu?"

Ta buɗe baki. Iska ce kawai ta fito, da ɗan kakari a ƙarshenta.

Ya karkato kai, ya kafa tafin hannu a bayan kunne.

"Ɗaga murya mana, ban ji ki ba."