Fararen Zomayen Hajo

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, tarkon Sabiru mafarauci ya kama farin zomo mai jajayen idanu a bayan garin Dutsi. Ya ce wannan na gida ne, tsintuwa ce, ya yi ta cigiya har kwana uku.

Hajo mai ƙosai ta leƙa kwandonsa, ta tuntsire da dariya. "Nawa biyu ne, daga Kaduna, sun tsere shekara huɗu ke nan. Wannan sai dai jikansu."

Sabiru ya koma bayan gari da gudu. Gindin duwatsu ramuka ne birjik, alhali zomon daji ba ya haƙa rami, ga 'ya'ya farare suna kiwo.

Ya dawo yana haki. "Inna, dukiyarki ta cika daji. Na fita haƙƙinki, kamawa kuma sai ke."