Gaurakin Fadamar Miga

Kwana uku Hamida tana rarrafe a fadamar Miga, ba ta samu hoton gauraka ko ɗaya ba. Jibi za ta miƙa aikinta na kammala digiri a Kafin Hausa, malaminta kuwa ya ce in babu hoto kada ma ta hau matakalar ofishinsa.

"Cire jar hular nan," ta ce wa yayanta Fa'izu, wanda ya kawo ta a babur. "Kai kake korarsu."

"Jiya kin ce tarina ne. Shekaranjiya turarena."

Ruwan Agusta ya cika fadamar fal. Suka lallaɓa cikin ciyawa, laka har gwiwa, ko numfashin kirki ba sa yi. Can gaba gauraki biyu suna kiwo. Kafin Hamida ta saita kyamara, duk sun miƙe wuya, alamar tashi.

Sai ga kwalekwale ya ɓullo. Baba Bunu ne, dattijon masuncin da ya ba su masauki, mai muryar da ake ji daga ƙetare.

"Salamu alaikum. A'a, 'yan Dutse, ku ne kwance a laka? Kun tashi lafiya?"

Hamida ta toshe bakinta.

"Amsa mana," Fa'izu ya raɗa mata. "Tuwonsa fa kika ci jiya, har da ƙari."

"In na amsa tashi za su yi."

"Ya kwanan baƙunta?" Baba Bunu ya ƙara murya. "Ko ba ku ji ne?"

Kunya ta ci ƙarfinta. Ta miƙe, laka na ɗiga daga hijabinta, ta riga ta sallama digirin bana.

"Lafiya lau, Baba. Ina kwana? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, 'yata."

Ta waiga. Gaurakin sun sauke wuya, sun koma kiwo. Ɗaya ma matsowa ya yi.

"Baba, ba su tashi ba."

"Su je ina? Kullum a kansu muke gaisawa da jama'a. Mai raɗa da rarrafe suke gudu, don maharbi kaɗai ke zuwa musu a haka."

Hamida ta ɗaga kyamara.

"Yaya Fa'izu, tambaye shi iyali. Ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi."

"Jikokinsa fa goma sha tara ne."

"Fara daga babban."