Ranar da Aka Ɓare Ledoji

Mai makarantarmu, wanda ya ce dole mu riƙa kiransa Darakta, tayil na daɓen ɗaki yake sayarwa kafin ya gano cewa iyayen yara sun fi magina sauƙin sha'ani. Mutum ne da ba ya ɓare leda. Kujerun ofishinsa suna nan da ledarsu ta kamfani, in ka zauna ta yi wata ƙara kamar ka yi abin kunya. Kwamfuta da leda, agogon bango da leda, har rimot ɗin fanka.

A cikin ofishin akwai kabad na gilashi, a ciki kuma na'urar hangen taurari, fara sol, da ƙafafunta uku. Ni ce malamar fiziks ta manyan azuzuwa, ni ke koyar da sararin samaniya, amma da ƙwallo da tocila nake yi. Tocila ce rana, ƙwallo duniya, murfin gora kuma wata. Na roƙi mutumin nan ya ba mu na'urar har na gaji da jin muryata.

"Malama," ya ce da ni rannan, yana goge gilashin kabad ɗin da hankici, "wannan ba kayan wasan yara ba ne. Ranar da kika taɓa ta, ranar za ki bar makarantar nan."

To, na ji. Ta bayan gilashi dai nake leƙenta kamar wadda ta je dubiya asibiti. A haka na lura an sayo ta da matacin hasken rana, wani zobe baƙi da ake maƙala wa bakinta, an lulluɓe shi da wata 'yar takarda mai ƙyalli, siririya kamar ta alewa. Ita ce ke tare kusan duk hasken, ta bar ɗan abin da ido zai iya ɗauka.

Sai rediyo ya sanar za a yi kusufin rana da hantsi. Tabɗi! Nan take Darakta ya zama masanin taurari. Ya gayyaci iyaye, ya ɗauko mai hoto, ya sa aka yi hayar rumfa da lasifika. Ya ce ɗaliba ɗaya za ta fara leƙawa a gaban jama'a, shi yana dafe da kafaɗarta, a ɗauki hoton a manna a ƙofar makaranta. Ya zaɓi yarinyar da muke kira 'Yar Tambaya, mai zama a layin gaba, wadda in ka ce mata wata na zagaya duniya sai ta ce me ya hana shi faɗowa. A ajin kaf ita kaɗai nake jin ina koyarwa.

Na shirya ajina iya yina. Na nuna musu yadda wata ke shiga tsakaninmu da rana. Na ce rana ta fi wata faɗi wajen sau ɗari huɗu, amma kuma ta fi shi nisa wajen sau ɗari huɗu, shi ya sa ɗan ƙaramin abu ke iya rufe mata fuska. Na maimaita musu har suka fara kwaikwayona cewa ba a kallon rana da ido, ko an ci rabinta. Can bayan ido, inda hoto ke sauka, ba ya jin zafi, yana ƙonewa kai kana murmushi. Na'ura kuwa tattara haske take yi ta zuba shi wuri ɗaya, in babu mataci kafin ka ƙifta an gama. Muka huda kwalaye da allura don su ga hoton ranar a jikin farar takarda.

Na je in yi wa Darakta bayanin matacin. Yana waya, ya ɗaga mini hannu kamar mai korar ƙuda.

"Mataimaki zai kula da komai."

Mataimaki ƙanin matarsa ne, kuma wannan ita ce takardar shaidarsa gaba ɗaya. Na tare shi a baranda na ce, "Don Allah abin nan mai ƙyalli na bakin na'urar, kada a cire shi."

"Malama, ke kin cika iyayi," ya ce, ko kallona bai yi ba. "Mun san aikinmu."

Ranar ta zo. Da sassafe Darakta ya ba da umarnin da ba a taɓa ji ba tun da aka kafa makarantar: manyan baƙi za su zo, a ɓare duk wata leda. Masu shara suka yi ta fama, aka fito da kujeru tsirara aka jera a rumfa. Ni kuwa aka ce in kwashi ɗalibaina mu koma can bayan fili wajen bango, wai kwalayenmu za su ɓata hoto.

Muka koma. Wallahi mu muka more. Hasken gari ya fara dusashewa, iska ta ɗan yi sanyi, tsuntsaye suka rikice. A ƙarƙashin bishiya hasken da ke ratsa ganye ya zama ƙananan lauje-lauje zube a ƙasa, yara suna ta ihu suna nunawa. Can gaba Darakta ya riƙe lasifika yana sanar da iyaye cewa makarantarsa ce kaɗai ta kawo kusufi kusa da jama'a. Kai ka ce shi ya yi odarsa.

Na juya in gyara wa wata kwalinta, idona ya faɗa kan kwandon shara da aka ajiye jikin bango, cike da ledojin da aka ɓare. A can sama, an cukuikuye ta, ga 'yar takarda mai ƙyalli.

Na ɗaga kai. Na'urar na tsaye a gaban rumfa, Mataimaki ya bi inuwarta ya saita ta da rana, baƙin zoben na bakinta amma tsakiyarsa fayau, gilashi na walƙiya. Ya ɓare takardar tsaf, har da gogewa. 'Yar Tambaya tana bayan na'urar, ba ta ganin bakin. Ta gyara ɗankwali, Darakta ya dafa ta, mai hoto ya durƙusa.

Na ƙwalla ihu na ce ta tsaya. Ina! Lasifika ta cinye muryata. Na zubar da takalma na ruga. Na ture kujerar wani uba, na taka wa wata uwa mayafi. Yarinyar ta rufe ido ɗaya, ta sunkuya. Babu lokacin magana, na kai wa na'urar bangaza da kafaɗa. Ta tafi da ƙafafunta uku ta daki siminti, gilashin ya tarwatse.

Lasifika ta yi ta ƙugi.

"An cire matacin," na ce ina haki. "Da ta leƙa da idon ya tafi."

Darakta ya dubi tarkacen, ya dube ni. Yarinyar ko ta kanta bai bi ba.

"Wane ido? Ita ranar an ci rabinta, wane ƙarfi ya rage mata?"

Wasu iyayen suka gyaɗa kai, wai magana ta yi ma'ana. Mataimaki ya ce shi leda kawai ya cire kamar yadda aka umarta, kuma dama matar nan ta daɗe tana baƙin ciki da na'urar. Da na'urar tana tsaye da na kanga takarda a inda ido zai zauna su ga hayaƙi da idonsu, amma ga ta nan a ƙasa, ni na fasa shaidata da kaina. Na dubi taron nan, manya da rigunansu da turarensu, ba wanda ya ce a tsaya a bincika. Tir!

"Kin san abin da na faɗa miki," in ji Darakta, a cikin lasifika don kowa ya ji. "Ɗauki jakarki."

Na je na tsinci takalmana, na ɗauko jakata a ɗakin malamai. Abokan aikina duk suka duƙufa kan teburansu, yau kowa ya zama mai ƙwazo. Kafin in kai ƙofa rana ta fara dawowa.

A bakin ƙofar na tarar da 'Yar Tambaya, fuska duk hawaye. Na zaci godiya ta kawo, har na fara shirya abin da zan ce kada ta damu.

"Malama, ni fa aka zaɓa," ta ce. "Ke da bakinki kika ce sai mun girma kafin a sake ganin irinsa a nan. Da kin bari na ɗan leƙa ko sau ɗaya. Kin cuce ni, wallahi."

Abin ya yi mini ciwo fiye da korar. Na buɗe baki in sake mata darasin, sai na fasa. Ta harare ni, harara mai kyau, da idanunta biyu, dama da hagu. Na tsaya ina kallonsu har ta gaji ta juya, sannan na fita neman mota.