Kalmar Marigayiya

Tsohon direban bai taɓa tambayar matarsa ma'anar "shafule" ba. Ya dai san in ta ce, "Yau zan shafule ɗakin nan," to zai dawo ya tarar gado ya koma jikin taga, kujerarsa ta yi hijira bayan ƙofa, rediyo na kan akwati. Ba shara ba ce, ba kuma jera kaya ba. Na gaba ne ke komawa baya, na baya ya dawo gaba. Shi ya ɗauka yaren iyayenta ne.

Tun da ta rasu, komai ya tsaya inda ta bar shi. Kalmar ta riƙa yi masa yawo a ka, ga shi ba mai faɗinta kuma. Ya so ya san asalinta kafin ita ma ta bi mai ita.

Ya buga wa ƙanwarta waya.

"Tsoho, sai yanzu za ka koyi yarenmu, da haƙora suka ƙare?" ta ce da dariya. "Wallahi ba tamu ba ce. Ni na zaci a bakinka ta ɗauka."

'Yarsa kuwa cewa ta yi, "Baba, ai sauyawa ce kawai, ko canjawa. Ka ci abinci?"

Ba sauyawa ba ce.

Wata la'asar yana wucewa ta gaban shagon aski, inda 'yan karta ke baje tabarma, sai ya ji wani ya daka tsawa: "Kai, shafule ta da kyau, ka daina cutar mu!"

Ya tsaya, ya juya wurin mai tsawar.

"Ɗan nan, wane yare ne wannan?"

"Turanci ne, Baba, muka lanƙwasa. Gauraya karta ke nan, ta sama ta koma ƙasa."

Karta! Matar da ko kallon karta bai taɓa ganin ta yi ba. A ina ta ji? Wa ta zauna da shi tana dariya, kafin shi, ko yana kan hanya? Mai amsar tana ƙarƙashin ƙasa.

"Baba, a raba da kai ne?"

Ya tattara riga ya zauna a bakin tabarma. Aka miƙa masa nasa. Ya riƙe su da hannu biyu, bai san babba ba, bai san ƙarama ba.