Ranar da Mma Ta Hau Makara

Duk ranakun Allah, sai ranar wankin ƙodar mahaifiyata Mma ce garinmu Ain Safra ya ga damar daskarewa. Da asuba aka yi wani yayyafi mai sanyin tsiya, kafin hantsi gangaren unguwarmu ya koma sulɓi kamar gilashi. Mu da muka gina gidaje don gudun zafi, tanki a kan rufi, famfo a tsakar gida, sai ga mu muna murɗa famfo yana kallonmu.

Mma ta riga ta tsallake wanki ɗaya saboda mura. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi sama-sama, likita kuma ya ja mini kunne kada ta sake tsallake wani. Wallahi na tsorata.

Na kira Ƙaddur mai tasi. Ya ce, "Bujama'a ɗan'uwana, motar ma ta ƙi tashi. Ko ta tashi, ni da tudunku sai bazara."

Sai ga maƙwabcinmu Si Lahdar, wanda ya taɓa aikin gini a Faransa, tun daga nan kuma ya zama malamin sanyi na unguwa. Ya sa mata suka tafasa ruwa a butocin shayi da tukwanen kuskus, aka sheƙa a hanya. Tururi ya tashi, aka yi kabbara. Kafin a mayar da butoci ruwan ya daskare, hanya ta fi da santsi. Shi ya fara gwada aikinsa, da mazaunai ya sauka har ƙofar mai burodi.

Na bi maza ɗaya bayan ɗaya, a taimaka mu ɗauki Mma a kujera zuwa asibiti. Wannan bayansa, wancan gwiwarsa. Wani ko kallona bai yi ba, yana ɗaukar hoton ƙanƙara zai aika wa surukinsa a birnin Wahran. Mutanen da Mma, Lalla Mubaraka, ta yi wa matansu unguwarzoma fa!

Na koma gida raina a ɓace. Mma ta dube ni daga cikin barguna.

"Je ka masallaci ka aro makara."

"Subhanallahi! Mma, wace irin magana ce wannan?"

"Kai, rufe mini baki. Gado ne mai hannu huɗu. Gara in gwada shi da raina in ji ko yana da daɗi."

Muka ɗauko ta, ni da ƙanena Jilali da ladan Ammi Tayyib da mijin ƙanwata. Muka sa safa a kan takalma don santsi, muka lulluɓe Mma ruf har kai saboda iska, muka fito.

To, a garinmu wanda duk ya ga makara sai ya sa kafaɗa ko da taku kaɗan ne, don lada. Kafin mu wuce gida uku, mai ciwon baya ya warke. Mai gwiwa ya ture ni ya karɓi gefena. Mai hoto ya soke waya a aljihu yana share ido. Wasu suka riƙa watsa yashi a gabanmu, yashin da yake nan jibge tun safe ba wanda ya tuna da shi. Si Lahdar ya biyo da ɗingishi yana cewa, "Allahu Akbar, Lalla Mubaraka! Uwarmu ce duka. Da na san jikin ya kai haka, da a bayana zan goya ta."

Jilali ya buɗe baki zai yi bayani, na take masa ƙafa.

A mararrabar kasuwa, hanyar maƙabarta hagu ce, asibiti dama. Jama'a suka karkata hagu. Bargo ya ɗaga.

"Dama, 'yan banza! Dama!"

Saura ƙiris su kayar da ita. Salati ya tsaya cak. Amma wa zai saki a gaban mutane? Haka suka kai ta har ƙofar asibiti, kowa idonsa a ƙasa, ba ka jin komai sai ƙarar ƙanƙara a ƙarƙashin takalma.

Da ma'aikatan jinya suka zo da keken marasa lafiya, Mma ta kama hannun rigar Si Lahdar. Muryarta ta dushe, sai da ya sunkuyo.

"Ɗana, jibi ma ina da wanki. Za ku zo haka nan, ko sai na mutu tukuna?"