Dardumar Auta

Shekara goma sha huɗu ina yankan yadi a masana'antar Si Bu'azza da ke birnin Tanja, ba wanda ya taɓa tambayata ina ƙyallen da ke faɗuwa ƙarƙashin tebur yake zuwa. Shara ce. In an tashi aiki kowace ta cika ledarta da kalar da ta yi mata, sauran a loda a mota a kai juji. Ni a buhu nake tara nawa, duk ƙarshen wata in hau motar Azilal, yankinmu na duwatsu, da shi in kai wa Inna ƙauye.

Inna masaƙiya ce. Tun lokacin da fari ya ƙarar mana da tumaki, ulu ya gagara, ta koma saƙa darduma da ƙyalle kamar sauran matan dutsenmu. Ta tsaga shi siri-siri, ta ƙulla a jikin zare ɗaya bayan ɗaya, ta doke da matajin ƙarfe. Mu shida ta haifa, kowa ta saƙa masa tasa. Ni ce auta, ni ce mai kawo ƙyallen, ni kaɗai ce kuma ba ni da ko ɗaya. Duk sanda na yi ƙorafi sai ta ce, "Ke Tuda, gaggawar me kike yi? Mai ɗaki ɗaya a gidan haya, a ka za ki shimfiɗa ta?"

Bara bayan babbar Salla likita ya gaya mana gaskiya. Ciwon suga ya ci mata jijiyar ido, ko an yi mata aiki ba zai yi ba, ɗan ganin da ya rage ma tafiya yake. Muna isa gida ta sa maƙwabta suka kafa mata masaƙa a zaure.

"Wannan ta auta ce," in ji ta. "Daga ita na ajiye mataji."

Ta kai kusan rabi lokacin da doka ta zo.

Mu ba mu da kayan kanmu. Duk abin da muke ɗinkawa na wani ƙaton kamfani ne na Turai, mu dai Masu Shaguna muke ce musu. Duk shekara suna fitar da rahoto, littafi guda mai sheƙi, duk shekara kuma Si Bu'azza sai ya tara mu a ɗakin cin abinci ya karanta mana yana bubbuɗa ƙirji, kai ka ce kamfanin ubansa ne. Ciniki ya ƙaru. An buɗe sababbin shaguna ɗari biyu. An rage ruwan da ake rini da shi. An dasa bishiyoyi a wata ƙasa da ban taɓa jin sunanta ba.

Zuhur, ƙawata da muke tebur ɗaya, ta zungure ni. "Barka, Hajiya. Shago nawa ne naki a ciki?"

"Wanda ke kusa da naki," na ce.

Sai Si Bu'azza ya ɗaga hannu. Ya ce Masu Shaguna sun yi wa duniya alkawari: a rahoton baɗi za su rubuta cewa ko ƙyalle ɗaya bai je juji ba daga duk masana'antun da ke yi musu aiki. Za a tara, a auna, a ɗaure dila-dila, jirgin ruwa ya kai Turai a niƙe a mayar da shi zare. Daga yau wadda aka kama da ƙyalle a bakin ƙofa, ta ɗauki jakarta gaba ɗaya. An kafa kejin waya a bayan ɗakin yanka, da sikeli da kwaɗo.

"Makulli kuwa," in ji shi, "sai wadda ta fi kowa daɗewa, wadda ba a taɓa kama ta da satar ko allura ba. Tuda, taso."

Aka yi tafi. Aka saka mini wata koriyar falmaran. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige.

Washegari na same shi a ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, buhu biyu kawai nake roƙo. Tsohuwata ce, idonta ke tafiya, tana da saƙa a kan masaƙa."

"Haba 'yar'uwa," ya ce, yana juya cokali a shayinsa. "Ni ma a kan dardumar ƙyalle na yi rarrafe, kin ɗauka ban sani ba? Amma mutanen nan sun san nauyin yadin da suka aiko, sun san nauyin rigunan da suka fita. Abin da ya rage dole ya hau sikeli. Su zo su tarar da giɓi, su ɗauke aikin su kai wata ƙasa, mata ɗari bakwai ke za ki ciyar da su? Ki jira, akwai wata da za su turo. Ki roƙe ta da bakinki."

Na ce to. Ƙarshen wata na biya kasuwa wajen teloli, na tarar su ma wani mai mota yana bi yana kwashe nasu. Sai na sayi gwanjo rabin buhu, na wanke sau biyu, na kai gida.

Inna ta zura hannu ta ciro wata riga, ta kai hanci, ta wurgar.

"Warin hammatar wane ne wannan?"

"Inna, na wanke fa."

"Ki wanke har Mahadi ya bayyana. Kin san ko a cikinta mai ita ya mutu? Dardumar da za ki yi salla a kai, ki kwanta a kai? Ko sabon ƙyalle, ko tufafin 'yan gida, ban san na uku ba." Ta shafa zaren masaƙar. "Ki dai yi sauri, auta. Yunwa take ji."

A wajenmu masaƙa mai rai ce. Ranar da aka kafa ta aka haife ta, ba a tsallake ta, ba a barinta ta daɗe ba a taɓa ba. Ranar da za a yanke darduma kuwa sai an ɗiga wa zaren ruwa an yi masa kalmar shahada, yadda ake yi wa mai barin duniya. Ni da na yi shekaru a birni nakan yi wa abin dariya, amma ban taɓa tsallake masaƙa ba.

Matar ta zo cikin hunturu. Sunanta Madam Karin, doguwa, mai fara'a, da mai ɗaukar hoto da tafinta a bayanta. Ba zan yi mata ƙarya ba, mutuniyar kirki ce. Ta ci kuskus ɗinmu na Juma'a da hannu, ta ƙone yatsu, ta yi dariya. Da suka zo keji na tsayar da tafinta, na ciro waya na nuna mata hoton dardumar Inna a kan masaƙa. Na ce ya gaya mata tun kafin a haifi kamfaninsu matan garinmu ba sa zubar da ƙyalle.

Ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo. Ta dafa ƙirji. Tafinta ya ce, "Ta ce ba ta taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba."

"To ka ce mata buhu biyu."

Suka yi magana mai tsawo. Ya juyo yana sosa ƙeya. "Ta ce abin ya taɓa zuciyarta. Amma ƙyallen da aka kai gida ba shi da takarda, masu bincike ba za su yarda an sake sarrafa shi ba, sai su rubuta ya ɓata. Ta ce za ta kai shawara a buɗe wani shiri na masaƙan karkara. Wataƙila nan da shekara biyu."

"Ka ce mata idon uwata ba zai jira shekara biyu ba."

Ban san ko ya faɗa ba. Ita dai ta kama hannuna ta matse. Mai hoto ya ce in tsaya a gaban keji, in ɗaga makulli, in yi murmushi. Ni kuwa, sakarya, na yi.

Daga nan Zuhur ta sa ni gaba. "Ke wace irin mutum ce? Makulli a wuyanki kina kuka? Ki naɗa a ciki ƙarƙashin jallabiya, kullum kaɗan-kaɗan. In an tambaya ki ce kin yi ƙiba, dama kin fara."

"Allah ya shirye ki."

"Amin, mu duka. Uwarki ce dai, ba tawa ba."

Na so in yi. Akwai ranar da aka yanka wani jan yadi mai laushi, irin jan da Inna ke mutuwar so, na cusa damƙi guda a cikin rigata na nufi ƙofa. Ina cikin layi aka tsayar da Hadda, wata bazawara mai 'ya'ya uku, aka zazzage jakarta. Ɗan ƙyallen da za ta cusa wa filo ne. A gabanmu aka karɓe katinta na aiki. Aka kuma kira ni, ni mai koriyar falmaran, in karɓi ƙyallen in mayar keji. Na mayar da nata, na zaro nawa a ɓoye na haɗa. Tsoro na ji, ba wani abu ba. Na ji kunyar Hadda, na ji haushin kaina.

Wata uku ban je gida ba. In shiga da wane ido, hannu rabbana? In na buga waya Inna ba ta tambayar ƙyalle. Sai dai ta ce, "Kina cin abinci kuwa?" In ce ina ci.

Da bazara ta shigo sabon rahoto ya iso. Si Bu'azza ya sake tara mu. Ciniki ya sake ƙaruwa, shaguna sun sake ƙaruwa. Ya buɗe wani shafi ya ɗaga sama: ga ni nan, shafi guda cur, haƙora a waje, makulli a hannu. Aka yi guɗa. Zuhur ta ce, "Sarauniyar tsumma, a tuna da mu." Ya ba ni kwafi ɗaya a cikin leda, ya ce in kai wa tsohuwa ta sa albarka.

Ranar Asabar na hau mota. Na isa da azahar. Tun daga ƙofa ban ji ƙarar mataji ba.

Tana zaune a gaban masaƙa, hannuwa a cinya. Darduma ta cika har sama.

Rabin ƙasa na san shi, ƙyallen masana'anta ne, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi. Daga nan sai kala ta canza. Na gane ɗankwalinta na zuwa biki. Na gane labulen ɗakinta. Na gane wata rigar makarantata da ban san tana ajiye da ita ba. Sama da su duka, faɗin kamu uku, ruwan ƙasa ne zalla, ulu mai kauri.

Jallabiyar Baba ce. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa tana cikin akwati. Inna ba ta taɓa wanke ta ba, ba ta taɓa bari wani ya saka ba, ko yayyena maza da suka roƙa. Duk ranar Juma'a takan ciro ta, ta ɗora a cinya ta jima, ta mayar.

"Inna," na ce, "me kika yi?"

"Me na yi? Na gama miki. Sati biyu ke nan ina jiranki, ba na so a yanke ba kya nan."

"Jallabiyar Baba fa!"

"Ɗan gida ne. Ke da za ki kawo kin ɓace." Ta miƙo hannu wajen da ta ji muryata. "Me ke ƙara a ledar nan? Kin kawo ƙyalle ne yanzu da aka gama?"

Na ce littafin kamfani ne, an sa hotona. Na buɗe mata shafin na ɗora a hannunta. Ta juya shi, ta kawo dab da fuska, ta yi murmushi. A juye ta riƙe hoton, kaina yana ƙasa, ƙafafuna suna sama.

"Kai, kin yi kyau, auta. Wannan rubutun da ke jiki me ya ce?"

Na karanta mata yadda Si Bu'azza ya fassara mana. Na ce, "Sun ce bana ba a yi asarar komai ba."

"Madalla," in ji ta. "Allah ya ƙara musu." Ta ajiye littafin a ƙasa, ta lalubo kwanon ruwa da wuƙa ta turo mini. "Zo ki ba ta ruwa ki yi mata shahada. Ni ba na ganin zaren."

Na tsoma yatsu na bi zaren ina ɗigawa. Ita kuwa ta kife fuskarta a kan ulun jallabiyar Baba tana shaƙa, ta ce in ɗan dakata tukuna kada in yanke.