Muryar Inna a Bidiyon Bikin Radiyya

Inna ba ta son kyamara. In ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya, ta ce ita ba 'yar fim ba ce. Shi ya sa da Allah Ya karɓi abinSa, mu 'ya'yanta muka bincike wayoyinmu kaf, ba mu samu komai ba sai hoton katin zaɓe, wanda ita kanta ta sha cewa bai yi kama da ita ba.

Ni Suwaiba, tace bidiyo ce sana'ata. A ɗakina nake yi a Sabon Gari, da wata kwamfuta da ta ga jiya ta ga yau. Bikin aure, suna, walimar sauka, duk ana kawo mini in yanke in haɗa in sa musu kiɗa ko ƙasida. Na adana fuskokin iyayen mutane da yawa a Wudil, amma ta uwata ba ni da ita. Wannan abin ya tsaya mini a rai.

Bayan an share makoki sai Yaya Nu'uman ya zo gidana. Shi ne ɗan farin Inna. Fataucin shanu yake yi, ya saya a kara, wato kasuwar shanu, ranar Juma'a ya loda zuwa Kudu, in ya tafi sai an kwana biyu ba a gan shi ba. Muka gaisa, muka yi wa juna ya ƙarin haƙuri, ya zauna a bakin tabarma yana murza hularsa.

Ya ce, "Suwaiba, bikin Radiyya da kika ɗauka bara, Inna ba ta fito ba ko sau ɗaya?"

Na ce, "Yaya, ka san halinta. Amma zan duba."

"Ko ba fuska. Muryarta nake so in riƙa ji a hanya. Juma'ar nan zan tafi."

Na san abin da ya sa shi ya fi mu bukata. Inna mutuniyar da ce, ta riƙe alkunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda nake ban taɓa ji ta ambaci sunansa ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", in ta yi sassauci ta ce "yayansu". In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa a taƙaice, kamar mai amsa wa baƙon da ya yi ɓatan kai. Mu ƙanana mun sha hira da ita har da shewa, shi kuwa ga shi da furfura a gemu bai taɓa zama sun yi doguwar magana ba. Mukan tsokane ta mu ce, "Inna, wai ya sunan babban ɗanki?" Sai ta jefo mana mafici. Ni dai wannan kara tasu ban taɓa ganin amfaninta ba, kuma na faɗa mata tana raye.

Ainihin abin da na ɗauka a bikin ƙanwarmu Radiyya yana nan a memori. Da wata sabuwar waya ta aro na ɗauka, kuma a kan wayar na yanke wa amarya nata na ba ta, sauran ban ƙara bi ta kansa ba. Da na zuba shi a kwamfuta sai manhajar tace bidiyon ta ce ba ta san zancen ba. In na jawo fayil ɗin sai allo ya yi baƙi. In na dage sai ta sandare, can ta rufe kanta ba sallama. Na kashe kwamfutar na kunna. Na goge tsofaffin ayyuka don ta samu wurin numfashi. Na canja wa fayilolin suna. Sau ɗaya ta yarda ta buɗe, amma hoto na gabas murya na yamma, mace ta rufe baki tuni sannan guɗarta ta iso.

Na daɗe ina gudun sabunta manhajar nan, don na san inda komai yake a tsohuwar. Amma dole ta sa. Na ɗauki kwamfutar na tafi wajen ƙawata Hannatu, ma'aikaciya ce a jami'a, 'yar Filato, gidanta sabis ya fi ƙarfi. Muka sa sabuwar manhajar ta fara sauka. Ta kai rabi ta katse, muka sake daga farko, Hannatu tana ba ni baki ina ƙunƙuni. Da ta gama na buɗe, sai na ga duk maɓallan sun canja wuri, kamar wata ta shiga madafinki ta sake jera miki tukwane. Sai dai fa ta buɗe fayilolin sumul, hoto da murya suka daidaita.

Na dawo gida na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga tsakar gidanmu na Dagumawa cike da mata, ga ƙawayen amarya sun yi anko suna ta yanga. Inna kuwa kamar ta san inda nake, duk inda na juya ta riga ta zame. Sai can wajen ƙarshe na hango ta a gefen hoto, bayan tukwanen shinkafa, ba ta san ta shigo ba. Tana riƙe da kwano tana yi wa Hannatu magana. Na ƙure murya, na danna iyafis a kunne. Bakin Inna yana motsi, amma abin da ke fita muryata ce kaɗai, tas da ita, ina cewa ƙawayen amarya su matso su daina rufe mini haske. Ban taɓa jin haushin muryata irin na ranar ba.

Na ɗauka wayar ce ba ta kamo ta ba saboda nisa. Ranar Alhamis Yaya ya dawo, na nuna masa abin da ya samu. Ya kalla, ya sa na maimaita, ya matso da kunnensa jikin kwamfutar kamar hakan zai taimaka.

Ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

"Allah Ya jiƙanta. Kin yi ƙoƙari, ki tura mini hakan ma."

Ya sa takalmi ya fita. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na zauna na yi kuka mai isata, na rufe kwamfutar na ture ta gefe.

Washegari da safe ina wanke-wanke, maƙwabta suka tayar da janareta, sai abin ya faɗo mini. Ranar bikin nan ai akwai janareta a bayan ɗakin Inna, mai ƙara kamar injin niƙa. Ana daka, yara na kuka, tukwane na ƙara. Don haka ma nake ɗaga murya. To ina duk suka tafi? Bikin ƙauye guda a ce shiru kamar ɗakin jarrabawa? Na bar kwanukan da kumfa a hannuna na koma ɗaki.

Na shiga saitin murya na bi shi layi-layi. Can ƙasa na ga wani ɗan maɓalli da babu shi a tsohuwar manhajar, na share hayaniya, kuma a kunne ya zo. Wato sabuwar manhajar da kanta ta yanke hukunci cewa muryar da ta fi kusa ita ce magana, sauran duk shara ne, ta kwashe ta zubar har da uwata. Na ce, "Wa ya aike ki?" Na kashe shi.

Bikin ya dawo gaba ɗaya. Janareta, taɓarya, guɗa, wata tana neman ludayi. A ƙarƙashinsu kuma, can ƙasa, ga Inna. Na rage gurnanin janaretan a hankali, na sassauta tawa muryar, na ɗaga daidai wurin da take magana. Bai fita tas ba, amma kowace kalma ana jin ta. Da na saurara har ƙarshe sai na cire iyafis ɗin na daɗe a zaune, sannan na kira Yaya na ce ya biyo kafin motarsu ta tashi.

Bayan an sauko daga masallaci ya iso, da jakarsa a kafaɗa, takalminsa duk ƙasar kara. Ya ce sauri yake, an gama lodi. Na ce ya dai zauna. Ban gaya masa komai ba, na juya masa kwamfutar na kunna.

Hayaniyar ta cika ɗakin. Sai muryar Inna ta fito, da ɗan kaushin nan nata na mai yawan zama gaban murhu.

"Hannatu, ungo kwanon nan ki miƙa wa wancan a zaure. Tun safe bai sa komai a bakinsa ba."

Yaya ya sauke jakar a hankali.

A cikin bidiyon Hannatu ta ce, "Wanne, Mama?"

"Yayansu mana."

"Mama, yayyen fa suna da yawa a zauren. Wanne a ciki?"

Baiwar Allah, da gaske ba ta gane ba, ba ta san yadda ake zancensa a gidanmu ba. Inna ta waiga dama, ta waiga hagu, ta ga kowa na harkar gabansa. Ta matsa kusa da Hannatu ta rage murya.

"Nu'umanu. Nu'umanu nawa. Ki ce ya ci da zafinsa."

Bidiyon ya ƙare a nan, don a lokacin na juya wayar wajen amarya. Na kasa kallonsa, na tsura wa tabarma ido. Wayarsa tana ta ruri a aljihu, direba ne ke nemansa, bai ko taɓa ta ba.

Ya ce, "Mayar."

Na mayar. Kwano, Hannatu, waige-waigen Inna. Da ta zo wurin sai na ga hawaye na bin furfurar gemunsa. Ya gyara zama ya durƙusa sosai, yadda yake yi in ya shiga gaishe ta, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Na'am, Inna."